Shin Bayanin Kimiyya da Ake Yi wa Ƙarfin Ban Mamaki a Ƙagaggun Labarai Yana da Tushe?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto yana cewa ya kalli tsofaffin finafinan Star Wars, inda ƙarfin da ake kira Force yake a matsayin sirrin da ba a tona shi ba, sai kuma ya kalli wanda ya fito a 1999 ya ji an ce wasu ƙananan halittu ne a cikin jini suke ba mutum damar amfani da shi. Yana so ya san ko irin wannan bayani, da makamantansa da ake yi wa karanta zuciyar mutum da ɗaga kaya da tunani da ɓacewa daga idon jama'a, yana da tushe a kimiyya ta gaskiya, kuma me ya sa marubuta suke wahalar da kansu da shi.

Amsa: Malam, kusan dukkan bayanan nan suna farawa ne da kalma ta gaskiya da aka aro daga ɗakin gwaji, sannan a ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Saboda haka idan abin da kake nema shi ne ko masanin kimiyya zai sa hannu a kansu, amsar ita ce a'a. Amma a ganina ba a nan gizo yake saƙa ba, domin akwai bayanin da ba gaskiya ba ne amma yana yi wa labari aiki, akwai kuma wanda ba gaskiya ba ne kuma ba ya tsinana wa labarin komai, kuma na fim ɗin 1999 yana cikin kashi na biyu. Maganata a kan ƙagaggun labarai ce da abin da ake iya aunawa a ɗakin gwaji. Abin da ya shafi mu'ujiza da karama da hukuncin sihiri fage ne na malaman addini, ba shi aka tambaye ni ba.

Abu na farko da mai bin waɗannan labarai zai lura da shi shi ne cewa bayanin yana sauya riga gwargwadon kimiyyar da ake yayi. A ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da maganaɗisu da lantarki suke sababbin abubuwan al'ajabi a Turai, wani likita mai suna Franz Mesmer ya cika birnin Paris da da'awar cewa akwai wani ruwan maganaɗisu da ba a gani wanda yake gudana a jikin masu rai, kuma shi yana iya sarrafa shi ya warkar da cuta. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamitin bincike, wanda a cikinsa akwai manyan masana kimiyya Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu an yi shi ne a lambun gidan Franklin. Wani almajirin Mesmer ya zuba wa wata bishiya ɗaya maganaɗisun nasa, aka ɗaure wa wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ido, aka riƙa kai shi gindin bishiyoyi yana rungumarsu. Yaron ya riƙa cewa yana jin ƙarfin yana ƙaruwa, har ya sume a gindin bishiyar da ba a taɓa ta ba. Kwamitin ya yanke cewa abin da yake girgiza mutane zato ne da tsammani, babu wani ruwa. Da'awar ta faɗi a wurin masana, amma siffarta ta rayu a wurin masu ƙaga labari, wato wani ƙarfi da ba a gani, wanda ya cika duniya, ya ratsa jikin masu rai, kuma wasu zaɓaɓɓu suke iya juya shi. Duk wanda ya ji yadda aka siffanta Force a fim ɗin Star Wars na farko na 1977 zai gane cewa tsohuwar riga ce aka wanke aka goge.

Daga nan kowane zamani ya kawo tasa kalmar. Mary Shelley ta fitar da labarin Frankenstein a 1818, bayan Luigi Galvani ya nuna cewa lantarki yana sa ƙafar mataccen kwaɗo ta harba. A farkon shekarun 1960, lokacin da tsoron bam ɗin nukiliya ya cika zukatan Amurkawa, tururin nukiliya ne ya zama uban kowane jarumi a littattafan zane: Hulk a 1962 ya samu ƙarfinsa daga fashewar bam mai hasken gama, Spider-Man kuma a shekarar gizo-gizon da tururin ya taɓa ne ya cije shi. Da aka zo yin fim ɗin Spider-Man a 2002, sai gizo-gizon ya koma wanda aka sauya wa ƙwayoyin gado, domin a lokacin maganar karanta DNA ɗin ɗan Adam ce take tashe. Ƙarfin jarumin bai sauya ba ko kaɗan, dalilin kawai aka sauya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dalilin ado ne. A zahiri tururin nukiliya mai yawa yana lalata ɓargo da hanji ya kashe mutum, wanda bai kai haka ba kuma yana ƙara haɗarin ciwon daji.

Karanta zuciya yana da tarihi na daban wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai lokacin da mutane masu ilimi suka ɗauka da gaske cewa kimiyya tana gab da tabbatar da shi. A shekarun 1930 J. B. Rhine na Jami'ar Duke a Amurka ya yi ta gwaji da wasu katuna 25 masu alamomi iri biyar: da'ira, gicciye, murabba'i, tauraro da layuka masu lanƙwasa. Mutum ɗaya zai kalli kati, wani kuma ya faɗi alamar ba tare da ya gani ba. Da cinke kawai, ana sa ran mutum ya dace sau 5 cikin 25. Rhine ya ce wasu daga cikin mutanensa suna wuce haka nesa, ya kuma wallafa littafi a kan batun a 1934. Da wasu jami'o'i suka maimaita gwajin sai suka kasa samun abin da ya samu, aka kuma gano ƙofofin da labari yake iya zurarewa, kamar katin da ake hango inuwar alamarsa ta baya, da cuɗa kati da hannu wadda ba ta cuɗuwa sosai, da kuskuren mai rubuta sakamako. Duk lokacin da aka toshe wata ƙofa sai sakamakon ya ƙara matsowa kusa da biyar ɗin nan.

Sai dai kafin a kai ga haka, wani tsohon ɗalibin Jami'ar Duke, John W. Campbell, ya zama editan mujallar Astounding a 1937, kuma ya riƙe ta har mutuwarsa a 1971. Ita ce babbar kasuwar ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka a wancan zamani, shi kuma ya yi imani da aikin Rhine, don haka a shekarun 1950 marubucin da yake son a sayi labarinsa ya san abin da edita yake so. Ta wannan hanya ce karanta zuciya da motsa abu da tunani suka samu takardar zama 'yan ƙasa a labaran kimiyya, alhali da a ce wani ya rubuta labarin boka mai zane a ƙasa, da an ce masa wannan tatsuniya ce. Littafin da ya fara cin Hugo, babbar lambar yabo ta ƙagaggun labaran kimiyya, a 1953, na Alfred Bester, labarin duniya ne da 'yan sanda suke karanta zukatan masu laifi. Gwamnatin Amurka ma ta zuba kuɗi tun daga shekarun 1970 a wani shiri na neman masu gani daga nesa, wanda aka fi sani da Stargate, aka rufe shi a 1995 bayan masu bita sun ce bai samar da wani bayanin leƙen asiri mai amfani ba.

Akwai wani labari a gefe da nake so ƙwarai. Hans Berger, likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi a gaban dawakan da suke jan igwa, ya tsira da ƙyar. A ranar 'yar'uwarsa da take can nesa ta ji faɗuwar gaba har ta matsa wa mahaifinsu ya aika masa da telegiram. Berger ya tabbatar a ransa cewa tsoronsa ne ya yi tafiya ya same ta, ya shafe shekaru yana neman ƙarfin da ya ɗauki saƙon. Bai same shi ba, amma a 1924 ya zama mutum na farko da ya ɗauki hoton motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ya wallafa a 1929, kuma na'urar da ta samo asali daga aikinsa ita ce likitoci suke duba masu farfaɗiya da ita har yau. Wannan na'ura kuma ita ce ta nuna dalilin da ya sa bayanin igiyoyin ƙwaƙwalwa ba zai yi aiki ba. Lantarkin da ake samu a fatar kai bai wuce 'yan gomomi na kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba, alhali batirin tocila guda yana da bolt ɗaya da rabi. Sai an manna wayoyi a kan fata, an ninka siginar sau dubbai, sannan a ga wani abu, kuma ko ƙifta ido mutum ya yi sai ya dagula zanen. Maganaɗisun da ƙwaƙwalwa take fitarwa ya fi na duniya rauni sau miliyoyi, shi ya sa ake auna shi a ɗaki na musamman mai bangon ƙarfe. Siginar da take neman ɓacewa kafin ta ƙetare ƙoƙon kai ba za ta ƙetare gari ba, kuma babu wata gaɓa a jikin mutum da aka sani wadda aikinta karɓar irin wannan saƙo ne.

Ɗaga kaya da tunani ya fi sauƙin lissafi, kuma nakan ba ɗalibai shi a aji. Ƙwaƙwalwar mutum tana cin kimanin wat 20, wato jul 20 a kowace daƙiƙa, kwatankwacin ƙaramin ƙwan lantarki. Ɗaga buhun shinkafa mai kilo 50 zuwa tsayin mita ɗaya yana buƙatar jul 490. Ke nan ko da ƙwaƙwalwa za ta daina gani da ji da kula da numfashi, ta juya duk abin da take ci zuwa ga buhun, sai ta yi kusan daƙiƙa 25. Jarumin da ya ɗaga mota mai tan ɗaya zuwa mita biyu cikin daƙiƙa biyu ya yi aikin kusan wat 10,000, aikin ƙwaƙwalwa ɗari biyar ke nan, ko na babban janareta. To ina man ya fito, kuma ina zafin ya tafi? Akwai kuma dokar Newton ta uku, wadda ta ce duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai gwargwado. Idan da kai aka ɗaga motar, nauyin tan ɗaya a wuyan jarumin zai sauka, sai fa idan labarin ya nuna wani wuri dabam da nauyin yake dogara. Maganar da ake yawan yi cewa kashi goma cikin ɗari kawai na ƙwaƙwalwarmu muke amfani da shi, wadda aka gina fim ɗin Lucy na 2014 a kanta, ƙanzon kurege ce. Gaɓar da nauyinta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na jiki ba amma take cin kusan kashi ashirin na abincinsa ba zaman banza take yi ba, kuma duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san abin da lalacewar ɗan ƙaramin wuri a cikinta take jawowa.

A yau kalmar da ake fakewa da ita ita ce kwantam, wato kimiyyar halayen ƙwayoyi mafiya ƙanƙanta. Gaskiya ne cewa ana iya sarƙe ƙananan ƙwayoyi biyu ta yadda sakamakon auna ɗaya zai dace da na ɗayar ko da nisa ya raba su, kuma a kan gwaje-gwajen da suka tabbatar da haka ne aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger lambar Nobel a 2022. Amma ba a iya aika saƙo da wannan sarƙa, domin kowane ɓangare abin da yake gani jerin sakamako ne marar tsari wanda ba shi ya zaɓa ba, kuma dacewar ba ta bayyana sai an haɗa takardun biyu an gwada, su kuma takardun sai an aiko su ta hanyar da aka saba.

Duk da haka akwai marubutan da nake cire wa hula, kuma na gaba a cikinsu shi ne H. G. Wells. A littafinsa na 1897 na mutumin da ba a gani, bai ce jaruminsa ya ɗaura wani abu mai kama da layar zana ba. Ya kafa hujja da yadda haske yake karyewa idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Wannan gaskiya ce da ake nunawa da hannu: idan aka tsoma sandar gilashi irin ta ɗakin gwaji a kofin ruwa ana ganinta, amma idan aka tsoma ta a gilisarin, irin wanda ake shafawa lokacin hunturu, ɓangaren da ya nitse sai ya ɓace kamar an yanke shi, domin haske yana tafiya a cikin su biyun da kusan sauri ɗaya, bai ga iyakar da zai karye a kanta ba. Duk shekarar da na yi wannan gwaji a aji sai an samu ɗalibin da ya sa yatsa ya taɓa sandar don ya tabbatar tana nan. Jarumin Wells ya kawar da launin jikinsa, sannan ya sa naman jikinsa ya daina karya haske fiye da yadda iska take yi. Da yake bayanin yana da ƙa'ida, sai ƙa'idar ta haifi wahalhalu: tufafi ba su ɓace tare da shi ba, don haka dole ya yi yawo tsirara cikin sanyin Ingila har mura ta kama shi, abincin da ya ci ana ganinsa a cikinsa kafin ya narke, dusar ƙanƙara da taɓo suna zana siffarsa, karnuka kuma suna jin ƙanshinsa. Rabin daɗin labarin daga waɗannan wahalhalu ya fito. Bayanin yana da rami, domin ido ba ya gani sai ya karya haske ya tara shi a shimfiɗar da take bayansa, ita kuma ta shanye shi, ke nan mutumin da haske yake ratsa shi gaba ɗaya makaho ne. Amma kama shi da wannan kuskure ya yiwu ne saboda ya faɗi maganar da ake iya aunawa.

Yanzu sai mu koma ga fim ɗin da ka tambaya. A cikinsa, wani malamin Jedi, wato mayaƙan da suke amfani da Force, mai suna Qui-Gon yana goge wa yaro Anakin ɗan shekara tara wani rauni a hannu da dare, sai ya ɗebi ɗigon jininsa, ya aika da bayanin ta na'ura zuwa ga almajirinsa da yake cikin jirgi. Amsa ta dawo cewa adadin midikiloriyan ɗin yaron ya haura 20,000, ya fi na babban malaminsu Yoda. Daga baya aka yi wa yaron bayani cewa halittu ne ƙanana da suke zaune a cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai, ana cuɗanya da su kowa yana amfanar kowa, kuma su ne suke sanar da mutum nufin Force. George Lucas, wanda ya shirya fim ɗin, ya aro wannan ne daga maitokondiriya, waɗanda suke da gaske. Su ne ƙananan sassan da suke cikin ƙwayoyin jikinmu suna juya abinci da iskar da muke shaƙa zuwa makamashin da jiki yake aiki da shi. Suna da nasu ɗan DNA dabam da na cibiyar ƙwaya, suna rabuwa su hayayyafa da kansu, kuma ta wajen uwa ake gadonsu. Lynn Margulis ce a 1967 ta kafa hujjar cewa asalinsu ƙwayoyin bakteriya ne masu zaman kansu da suka shiga cikin wata ƙwaya suka zauna, maganar da aka daɗe ana yi wa kallon shaci-faɗi kafin nazarin DNA ya mara mata baya. Ke nan aron daga wuri mai kyau aka yi shi.

Matsalar ita ce aron bai amsa komai ba. Tambayar mai kallo ita ce yaya tunani yake ɗaga dutse, aka ce masa akwai halittu a jini da suke jin Force, to su kuma yaya suke jin sa, kuma da me suke ɗaga dutsen? An ɗauke tambayar ne daga wani ɗaki aka ajiye ta a na kusa da shi. Ba a ce ƙarfin yana ƙarewa ba, ba a ce yana cin jiki ba, ba a faɗi abin da mai adadi kaza ba zai iya yi ba. Mai kallo mai kaifin hankali kuma zai fara tambayoyin da fim ɗin bai shirya musu ba, kamar me zai hana a yi wa soja ƙarin jinin Jedi, ko a noma halittun a kwalba. Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da aka rasa. A fim ɗin Star Wars na 1980, lokacin da jarumin labarin, Luke, ya kasa ciro jirginsa daga fadama ya ce abin ya fi ƙarfinsa, Yoda ya ciro shi, ya kuma nuna masa cewa rashin yarda ne ya kayar da shi. A wannan labari ƙarfin yana bin tarbiyya da haƙuri da tsarkin niyya, malami yana da abin koyarwa, almajiri yana da abin gyarawa a halinsa. Da aka kawo gwajin jini, sai abin ya koma lamba da aka haifi mutum da ita. Abin dariyar shi ne maitokondiriya na gaskiya sun fi kusa da koyarwar Yoda, domin yawansu a tsoka yana ƙaruwa idan mutum ya dage da gudu ko wani aikin juriya. Ba mamaki da finafinan da suka biyo baya suka rage ambaton kalmar ƙwarai.

Kwatanta wannan da abin da Frank Herbert ya yi a littafin Dune na 1965, wanda Campbell ɗin nan ne ya fara buga shi kashi-kashi a mujallarsa. Shi ma akwai ganin abin da zai faru nan gaba, kuma babu wani sinadari a duniya da yake ba da wannan. Amma Herbert ya ɗaura ƙarfin a kan wani yaji da ba a samun sa sai a duniya ɗaya tak, wata hamada mai suna Arrakis, inda rayuwarsa take haɗe da ta wasu manyan tsutsotsin rairayi. Yajin yana tsawaita rai, yana mayar da ido shuɗi, wanda ya saba da shi kuma idan ya rasa shi mutuwa zai yi. Da yake an haramta na'urori masu tunani bayan wani tsohon yaƙi, matuƙan jiragen sararin samaniya da shi suke hango hanyar da ba za su yi karo ba, don haka duk wanda ya riƙe hamadar ya riƙe maƙogwaron daular, kamar yadda man fetur yake a duniyarmu. Bayani ɗaya ya haifi ciniki da yaƙi da mulkin mallaka. Matan ƙungiyar Bene Gesserit kuma, waɗanda mutane suke kira mayu, an nuna cewa ikonsu na umartar mutum da murya horo ne na shekaru a kan sauraron yanayin mutum da sarrafa sauti, an kuma nuna cewa su da kansu suke shuka almara a tsakanin al'ummu don su ci moriyarta wata rana. Mai karatu Bahaushe zai gane wasu kalmomin ba tare da tafinta ba, domin Herbert ya aro su daga Larabci, kamar Mahdi da Lisan al-Gaib. Shi kansa ganin gaban an mayar da shi tarko, domin jarumin yana hango yaƙin da za a yi da sunansa ya kasa kauce masa.

Dalilin da ya sa marubuta suke wahalar da kansu ke nan idan sun san aikinsu. Mai karanta tatsuniya ya yarda cewa komai yana iya faruwa, mai karanta labarin kimiyya kuwa an yi masa alkawarin cewa duniyar tana da doka ko da ƙagaggiya ce, kuma zai iya amfani da hankalinsa ya hango abin da jarumi zai iya da wanda ba zai iya ba. Arthur C. Clarke ya rubuta a 1973 cewa fasahar da ta yi nisa sosai ba a iya bambanta ta da sihiri, kuma marubuta da yawa sun mayar da wannan magana lasisin yin abin da suka ga dama. Wasu kuma sun san wasa suke yi ba su ɓoye ba. Masu tsara shirin talabijin na Star Trek sun san cewa dokar Heisenberg ta hana a san wurin ƙwaya da saurinta daidai a lokaci ɗaya, abin da yake rushe na'urarsu ta ɓatar da mutum a nan a haɗa shi a can, sai kawai suka ƙaga wani sashe na na'urar suka ce aikinsa gyara matsalar Heisenberg, suka wuce.

Idan kana neman inda abin mamaki yake da tushe na gaskiya, ka duba dabbobi. Minjirya da masunta suka sani a kogunanmu tana fitar da lantarki na ɗaruruwan bolt daga wata gaɓa da take lulluɓe da jikinta ƙarƙashin fata, kuma a kogunan Amazon akwai kifin da aka auna nasa ya kai bolt 860. Kifin shak yana jin raunanan lantarkin jikin abin farautarsa ko da ya ɓuya a yashi, ta wasu ƙananan ramuka da suke hancinsa. Wata ƙwayar cuta mai suna toksofilasma tana rage wa ɓera tsoron warin kyanwa, domin a hanjin kyanwar take kammala rayuwarta. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai gaɓar da za a iya fiɗa a gani, akwai abincin da ake ƙonawa, akwai iyakar nisa.

Motsa abu da tunani ma an yi shi, amma da waya. A 2012 masu bincike a Amurka suka wallafa rahoton wata mata da shanyewar jiki ta hana ta motsa hannu da ƙafa da yin magana kusan shekara 15. An dasa mata wani ɗan faranti da bai kai girman ƙwayar magani ba, mai ƙananan allurai 96, a ɓangaren ƙwaƙwalwa da yake umartar hannu. Waya ta fito daga kanta ta shiga kwamfuta, kwamfutar ta koyi fassara harbin ƙwayoyin jijiyarta, lantarkin bango kuma ya ba hannun ƙarfe ƙarfin motsi. Da tunaninta ta sa hannun ya ɗauki gorar kofi daga tebur, ya kawo ta bakinta, ta sha da tsinken zuƙa, sannan ta mayar da gorar wurinta.